Kogin Sama da Gurun Goggo

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban dattawan Kiru daga ni sai singileti da wando ba, surukina yana kallo, ni kuma ina fassara abin kunyata da bakina daga Turanci zuwa Hausa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Lokacin saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ni sabon malami ne a makarantar elemantare, sabon ango, ga sabon keke mai fitilar dinamo. A ganina duk faɗin ƙasar Kiru ba wanda ya kama ƙafata a sani (in ka cire liman, shi ma don ina tsoron Allah ne). Mutum ɗaya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne surukina, Sarkin Maƙera. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ba ni 'yarsa Hajara ne saboda amincinsa da marigayi mahaifina, ba don ya hango wani abin kirki a tare da ni ba. Tsakanina da shi sai gaisuwar surukuta: in na hango shi in tuɓe takalmi, in durƙusa, in sunkuyar da kai, ya amsa a taƙaice, in tashi in ƙara gaba. Wata rana labari ya zo mini cewa an tambaye shi yaya angon, ya ce, "Yaron ba shi da laifi, sai dai sana'arsa ta baki ce." Na ɗauki alkawari ko ta halin ƙaƙa sai na nuna wa dattijon nan bokona yana da nauyi.

Ana cikin haka, da bazara, sai ga wani Bature ya zo da mota da akwatuna. Ya fito daga Doguwa, ya yi kwanaki a Tudun Wada, yanzu ya iso mu. Bai sauka a cikin gari ba. Can bayan gari ya je, a wani fako, ya kafa tanti, shi ya sa kafin yamma an riga an sa masa suna Mai Tanti. Abin da ya fara ɗaure wa mutane kai shi ne, turakun tantin duk na itace ne, motar kuma ya kai ta nesa ya ajiye kamar sun yi faɗa. Yana neman tafinta, makaranta tana hutu, ban jira an aiko ba na kai kaina.

A tsakiyar tantin akwai wani ɗan akwatin katako da tagulla a kan ƙafafu uku. A cikinsa an rataye wata 'yar allurar maganaɗisu da zare mai sirantaka kamar yanar gizo, kana leƙa ta ta wani ɗan bututu mai madubi, ka ga inda ta tsaya a kan wasu zane-zane. Na leƙa, na ga allura tsaye. Na ce masa to, mece ce ribar kallon wannan?

Ya ce, "Malam, ka leƙa yanzu da safe, ka dawo da rana tsaka. Ba za ka same ta inda ka bar ta ba."

Na ce wa zai taɓa ta?

Ya nuna sama da yatsa.

Bayanin da ya yi mini ranar, wallahi har yanzu ban ji abin da ya fi shi ban mamaki ba. Ya ce can sama da girgije, inda ko mikiya ba ta zuwa, akwai iska siririya ƙwarai. In rana ta fito, haskenta yana gasa wannan iskar har ta zama mai ɗaukar lantarki. Zafin rana kuma yana sa ta tashi ta yi ta kaɗawa, kullum a kan ƙa'ida, da safe haka, da yamma haka. Ita kuwa duniya gaba ɗayanta maganaɗisu ce. To in iskar nan ta kaɗa ta ratsa ƙarfin maganaɗisun duniya, sai lantarki ya tashi. Da ya ga na yi tsuru, sai ya tambaye ni yadda fitilar kekena take kamawa. Na ce taya ce ke juya dinamo. Ya ce to iskar sama ita ce tayar, kuma wutar da take tayarwa tana taruwa ta kwarara gabas kamar kogi, tsakiyar kogin kuwa ta ratsa ƙasar nan tamu, kudu da mu kaɗan. Da tsakar rana kogin ke cika, shi ne yake jan allurar, da yamma ya janye. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba: iska ta tura lantarki, shi ma lantarkin ya juyo ya tura iskar, ya ɗaga ta ko ya sauke ta. Ya ce da almuru yakan ɗaga ta sama sosai har ta yamutse, shi ya sa muryar rediyo, wadda daga can take dawowa ƙasa, take rawa bayan magariba.

Nan ya kama ni. Don kuwa akwai rediyo mai batir a gidan Wakili (wakilin hakimi ke nan, shi ke riƙe da gari in hakimi yana Kano), kuma kullum bayan magariba sai muryar mai labarai ta riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi, mu yi ta dukan akwatin a banza. Na fito daga tantin na ɗaga kai. Sama fes, ko ɗigon girgije babu, ko ganye ba ya motsi. Wai a ce a saman wannan shirun akwai guguwa da kogin wuta, kuma tun zamanin kakanni suna wucewa ta kanmu muna noma ba mu sani ba. Ranar ko tuwon kirki ban ci ba, sai da Hajara ta tambaye ni ko Baturen ya ba ni wani abu na sha.

Doka ɗaya ce a tantin: ba a shiga da ƙarfe. Ya ce jan da kogin ke yi wa allurar kaɗan ne ƙwarai, ko mabuɗi ne a aljihunka sai ya fi shi. Kullum sai in jingine kekena can wajen motar, in cire agogo, in zazzage aljihu, sannan in shiga. Shi Mai Tanti zafin bazara ya fi ƙarfinsa, in rana ta take sai ya yi jawur kamar gauta. Da ya ga na iya karanta allurar, sai ya ce shi zai riƙa duba ta safe da yamma, ni in riƙa duba ta tsakar rana, shi ya je inuwar tsamiya ya kwanta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ana gobe ɗaurin aurena, Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina wadda ta rene ni, ta kira ni ɗaka ta miƙo mini guru, sabon ɗinki, jar fata. Ta ce, "Mai sunan Malam, ango abin hari ne, ido yana kansa, baki yana kansa. Ɗaura wannan a ƙugu, ban yarda ka rabu da shi ba."

Na ce, "Goggo, ni fa malamin makaranta ne."

Ta ce, "Su malaman makaranta ba sa mutuwa?"

Na ɗaura. Kuma kowa ya san ba a tambayar abin da ke cikin guru, ba a farke shi, in an yi haka ya karye. Ni dai na ɗauka rubutu ne da 'yan saiwoyi. Yana can ƙarƙashin wando, ya saba da ni na saba da shi, har na daina jin sa. (A aji kuwa ni ne mai gaya wa yara cewa guru da kambu duk camfi ne, su je su faɗa wa iyayensu in ji Malam.)

Ba a jima ba Mai Tanti ya fara zama yana tagumi a kan abin da nake karantowa. Ya ce, "Malam, akwai abin mamaki. Doguwa da Tudun Wada sun fi ku kusa da tsakiyar kogin, ya kamata a can allurar ta fi tafiya. Amma ga shi a nan da tsakar rana tafiyarta ta fi ta can nesa ba kusa ba. Ko dai kogin yana da reshe a kan garinku, ko akwai abin da ban gane ba. Kada mu yi gaggawa."

Ni "kada mu yi gaggawa" ɗin nan ta bayan kunnena ta bi. Ranar kasuwa na tsaya a rumfar masu goro na shelanta cewa ilmi ya tabbatar samaniyar Kiru ta fi ta ko'ina ƙarfi. Kafin la'asar mutanenmu sun fara yi wa fataken Bebeji gori, wai ku ko samaniyar kirki ba ku da ita. Wani maroƙi har ya sa abin a kirarin Wakili. Da maganar ta kai wa Wakili sai ya ce yana so ya gani da idonsa. Na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na shirya komai da Mai Tanti, na kuma bi ta wajen Hajara na aika wa mahaifinta cewa in da hali ya zo.

Ranar, tun da hantsi na shimfiɗa tabarma a bakin hanyar fakon, na tsaya kamar ɗan doka. Na ce, "Jama'a, ko tsinken allura ne a jikin mutum sai ya ɓata aikin masana. Wannan ba wurin gargajiya ba ne, wurin ilmi ne." Wakili ya sauka daga doki saboda linzami da likkafa, ya ajiye takobinsa, ya taka da ƙafa cikin rana da rawaninsa. Wanzamin gari ya ajiye zabirarsa yana gunaguni. Wani Bafulatani ya ajiye addarsa, ya yi ta waiwayenta. Wani tsoho na sa shi ya kwance mabuɗin da ke rataye a wuyansa, har na shafa aljihunsa don in tabbatar. Sai ga surukina. Na tuɓe takalmi na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, Bature ne ya ce ba a shiga da ƙarfe." Ya cire zobensa, ya fito da ƙyastu da 'yar matsefata ya ajiye. Sannan ya dube ni, ya dubi wajen ƙuguna, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe ya wuce. Ni kuwa na ce a raina, yau dattijo ya ga aiki har magana ta gagare shi.

An ɗage gefen tantin don kowa ya gani. Tun da ya bar mini aikin, ranar ce ta farko da Mai Tanti ya tsaya da kansa da tsakar rana. Ya leƙa bututun, ya daɗe, ya ɗago yana yamutsa fuska. Ya ce yau allurar ba ta yi tafiyar da ta saba ba. Na ce bari in gani, na matso. Kafin in sunkuya ya sake leƙawa, ya ce, "Tsaya. Ta motsa." Ya ce in koma baya. Na koma. Ya ce in matso. Na matso.

Wakili ya ce, "Malam, me yake cewa?"

"Ranka ya daɗe, cewa ya yi in matso, in koma."

Haka na yi ta kai da komowa a gaban jama'a. Wasu sun ɗauka cikin aikin ne, har na ji wani yana cewa ashe sai an yi mata rawa take motsi. Mai Tanti ya ce in zazzage aljihu. Ba komai. Ya ce in cire hula, ko da akwai tsinke a jiki.

"Me ya ce?"

"Ranka ya daɗe, ya ce in cire hula."

Allura ba ta fasa ba. Ya ce ko maɓallan rigata ne.

"Me ya ce?"

"Ya ce in tuɓe riga, ranka ya daɗe."

Ga ni daga ni sai singileti, gumi yana bin haƙarƙarina, surukina yana tsaye a gaba-gaba ya kawar da kai gefe. Mai Tanti ya sa na miƙa hannu kusa da akwatin, shiru. Ya sa na kawo kai, shiru. Ya sa na tsaya daf da shi na juya a hankali, sai ya ɗaga hannu. Ya dube ni da idanun nan nasa kamar na mage, ya ce, "Malam, me ke ƙugunka?"

A lokacin ne na tuna. Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

"Malam, me ya ce?"

"Ranka ya daɗe, tambaya yake game da ƙuguna."

Ba yadda zan yi. Na juya baya, na sassauta mazagi, na kwance gurun Goggo na fito da shi, ja wur, ya jiƙe da gumi. A cikin masu kallon nan akwai iyayen yaran da na aika wa saƙon camfi. Mai Tanti ya karɓa da yatsu biyu, ya kai kusa da akwatin, ya leƙa, ya janye, ya leƙa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. Can ya ɗago ya yi magana a hankali, ya ce in gaya musu, don su ma an ɗora su a kan kuskure.

Jama'a, na waiga ko akwai wani mai jin Turanci da zai ɗauke mini wannan kaya. Babu. Wakili yana jira. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce kogin sama yana nan, gaskiya ne. Amma fifikon da muka ce samaniyar Kiru ta yi wa sauran garuruwa, ya ce ba daga sama yake ba. Ya ce daga ƙuguna yake."

Wakili ya ja amawali ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Wanzami bai yi wannan kawaicin ba, ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Tsohon nan mai mabuɗi ya ce, "Allah Sarki, ni da aka shafa wa aljihu." Mai Tanti ya nemi a farke gurun ya ga irin ƙarfen, jama'a suka ce a'a, ba a farkewa. Sai surukina ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ba sai an farke ba. Kan kibiya ne. Ni na ƙera shi, goggonsa ta zo ta karɓa kafin biki."

Wakili ya ce, "Haba Sarki, ka sani, ka bar mu muka tako cikin rana?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ka taɓa jin suruki ya tambayi surukinsa abin da ke cikin wandonsa?"

Wannan ita ta ƙarasa ni. (Kuma sai da na fassara wa Mai Tanti ita ma, don ya ga ana dariya ya ce me aka ce.)

Na ɗauka kowa zai watse, amma surukina bai tafi ba. Da aka kai gurun can tabarma, ya ce yana so ya leƙa. Ya durƙusa ya sa ido a bututun ya daɗe. Mai Tanti ya nuna masa inda allurar ta tsaya da safe da inda take yanzu, ba guru ba kowa, ga ta dai ta gusa. Sai tambayoyi suka fara fitowa daga bakin mutumin da ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba. Wa ke zuga iskar can sama? Rana. In rana ta faɗi wutar mutuwa take yi? Ragewa take yi. Me ya hana ta zubo mana? Da damina ma haka take? Yana tambaya ina juyawa, Bature yana amsawa ina juyowa, har na manta ban mayar da rigata ba.

Aikin tsakar rana da na yi duk ya tashi a banza, sai da Mai Tanti ya ƙara kwanaki ya sake shi da kansa, yana gasuwa a tantin. Bai kore ni ba, amma kullum da safe sai ya nuna ƙuguna ya ɗaga gira. Samaniyar Kiru ta koma bayan ta Tudun Wada da ta Doguwa, inda Allah ya ajiye ta, fataken Bebeji kuma suka samu abin yi har damina ta faɗi. Goggo ce kaɗai ta ci riba. Da labari ya kai mata cewa ta yi, "To ka gani? Abin da ya juya allurar Bature, maye ne zai gagare shi?" Ta sa na mayar da shi a gabanta.

Na yi kwanaki ina zagaye unguwar maƙera kamar mai gudun kare. Rannan Hajara ta ce Baba ya ce in biya. Na tafi na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya nuna mini buzu kusa da zugazugi ya ce in zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce tun ranar abu ɗaya ya hana shi sakat: shi ya san iska ba ta tayar da wuta sai da gawayi, to can sama mene ne gawayin? Na buɗe baki zan kwararo bayani yadda na saba, sai na ji ba komai a ciki. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

Ya dube ni sosai, karo na farko ido cikin ido. Ya tura mini ƙwaryar fura da ƙotar masaba ya ce, "To, yanzu ma yi hira. Sha, sai mu je mu tambayi Baturen kafin ya tashi."

Muka tafi tare, yana gaba ina biye, muka ajiye ƙarafunanmu a bakin fako, nasa da nawa. Abin da na koya dai shi ne, kogin da ke can saman girgije bai gagari awo ba, abin da ke ɗaure a jikin mai awon ne ya kusa gagara. Shi ya sa har gobe, in zan tashi in gyara wa jama'a zama, sai na fara shafa ƙuguna.